KWALBAR MAN JARIRAI

Shafi na 9

Assalamu alaikum 'yan amana. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min "ki ci gaba" sau goma sha ɗaya a jere kamar ta ba ni ajiya. Kwana huɗu ke nan ina buɗe waya, in rubuta layi biyu in goge. Ba jan rai ba ne, kunya ce. Yau dai na rufe ido na rubuta. Wadda ta san dariya za ta yi min, ta yi ta a ɗakinta, kar ta kawo min nan.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce matar mai gasa burodi. Wata tara kafin abin da zan ba ku labari, aiki aka yi min aka ciro 'yarmu, wadda muke kira Takwara saboda sunan uwar mijina ta ci. Likita ya ja mana kunne, kar in sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu. Muka zaɓi kwaroron roba. Sai ga gwaji ya nuna ina da ciki. Mijina ya dubi tsabar idona ya ce shi bai taɓa zuwa min ba roba ba, don haka in je in nemo uban cikina.

To, washegarin wannan maganar ce.

Ina cusa kayan Takwara a jaka, idona ya kumbura suntum, sai na ji sandar Mama a bakin ƙofa. Mama ita ce uwar mijina, tsakar gida ɗaya ce tsakanin ɓangarenta da namu. Shekara talatin ta yi tana aikin ungozoma a asibiti kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita, kuma har yau in ta dube ki ta saman gilashinta sai ki ji kamar katinki na asibiti take karantawa.

"Ina zuwa da jaka?"

Na ci gaba da cusa kayan.

"Ɗiyata, da ke nake."

"Gida zan je, Mama. Kwana biyu kawai."

"Kwana biyu har da gidan sauron yarinya?"

Ta dubi jakar, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sati nawa?"

Wallahi ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba.

"Bakwai suka ce."

"Na sani tun ranar da warin albasa ya kore ki daga kicin. Jira nake ki faɗa min da bakinki. Ihun da na ji jiya fa? A kan shi ne?"

Na ɗaga kai kawai, hawaye suka ƙarasa sauran.

"Ajiye jakar nan. Ɗauko min takwarata ki same ni a falo."

Ƙarfe goma mijina ya dawo daga gidan burodi, fulawa har a girarsa, da ledar burodin Mama a hannu kamar kullum. Yana ɗaga labule ya gan ni zaune a ƙasa da yarinya a cinya, sai ya yi baya zai juya.

"Babba, shigo. Rufe min ƙofar."

Ya shigo ya durƙusa can nesa da ni, ya gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Me ka ce wa matarka jiya?"

"Mama, magana ce tsakanina da ita."

"Tsakaninku ce har na ji ta a kan sallayata? Maimaita min."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce cikin ba nawa ba ne."

Jiya na ji maganar, amma jin ta a gaban Mama sai ta zame min sabuwa. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na ƙura wa ɗan yatsan ƙafar Takwara ido kamar ban taɓa ganinsa ba.

"Ka kama ta da wani?"

"A'a."

"An kawo maka labari?"

"A'a."

"To wahayi aka yi maka?"

"Mama, akwai... akwai abin da nake amfani da shi. Tun da likita ya yi magana. Ban taɓa tsallake rana ɗaya ba."

"Wane abu?"

Ya kawar da kai gefe.

"Abin ba shi da suna?"

"Abin nan dai... na kariya."

"Kwaroron roba," in ji Mama, da ƙarfi, kamar tana kiran mai shara. "Faɗi. Ba zagi ba ne. Ka iya buɗe baki ka jefi matarka da zina a cikin gidana, amma sunan roba ne ya fi ƙarfin bakinka?"

Ni dai da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ku fahimce ni, ni ko ruwa ban iya sha sosai a gaban Mama. Shekara biyu da aure, ko hannun ɗanta ban taɓa yarda ta ga na taɓa ba. Yau ga mu an baje shimfiɗarmu a tsakiyar falonta, tana zaune a kai da gilashi.

Ta miƙa masa hannu.

"Akwai a jikinka?"

"Haba Mama."

"Na ce akwai?"

Ya zura hannu a aljihun gaba, ya ciro guda ɗaya ya ajiye a hannun kujerarta, bai yarda ya sa mata a hannu ba. Ta ɗauka ta ɗaga wa hasken taga. Rubutun jikin takardar ya koɗe. Ta matsa da yatsu biyu, ta sake matsawa.

"Wannan ko iska babu a ciki. Mai lafiya in ka matsa shi za ka ji ɗan tudu. Ina kake ajiye su?"

"A wurin aiki."

"Ina a wurin aikin?"

"Cikin gwangwanin madara."

"Gwangwanin yana ina?"

Ya sosa ƙeya, fulawa ta zubo.

"Saman tanderu. Akwai wani lungu ta baya. Wurin da zafi, ba mai kai hannu."

Mama ta cire gilashinta, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Duk wanda ya san ta ya san in ta yi haka, to haƙuri take nema.

"Saman tanderu."

"Eh."

"Tanderun da kake gasa burodi tun asuba."

"Eh, Mama."

"Wata nawa suna can?"

"Kwali guda na saya tun farko, don kar in riƙa komawa kemis. Mai shagon ya san ki."

"Me ya hana ka ajiye a ɗakinka kamar kowa?"

Ya saci kallona, na saci kallonsa. Amsar tana zaune a gabanmu da sanda. Bayan aikin da aka yi min, Mama ce ke shiga ɗakinmu ta gyara gado, ta jera kaya a durowa. Tsoron kar ta gani ne ya sa ya kwashe su ya kai can. Ni ma na sani, har na yaba masa dabara.

"Ni kuka ɓoye wa," ta ce a hankali. "Ni."

Ta girgiza kai ta juya gare shi.

"Roba ce fa, Babba. Ko takalmin roba ka ajiye a saman tanderu wata shida, ya za ka same shi? Zafi yana cinye ta, ta bushe, ta yi rauni. Ka gasa su tare da burodi, ka ɗauko kana cewa ba ka tsallake rana ba."

Na ji wani sanyi ya fara ratsa ƙirjina. Na ce a raina, shi ke nan, gaskiya ta fito, na tsira. Ashe nawa zagayen ne ya zo. Ta juyo gare ni.

"Ke kuma. A asibiti roba kaɗai suka ba ku?"

"Har da... wata ƙwaya."

"Mai kumfa, wadda ake sakawa kafin a kwanta? Mai kashe maniyyi?"

Na ɗaga kai.

"Kina sakawa?"

Baban Takwara ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko tun jiya.

"Tana sakawa mana," ya ce. "Kullum sai ta shiga banɗaki tukuna."

"Ba kai na tambaya ba."

Mama ta tsare ni da ido.

"Na daina, Mama."

"Kin daina?" Muryarsa ta tashi. "Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu. Zafi take min, kamar an zuba barkono. Sai in shiga banɗaki in tsaya, in buɗe famfo, in fito."

"Wata da watanni kina yaudarata?"

"Ba yaudara ba ce. Kunya na ji in faɗa maka."

"Kin ji ko, Mama? Wadda ta iya ɓoye wannan, me ba za ta..."

"Rufe min baki." Mama ta buga sandarta a ƙasa. "Ƙwayar nan takan yi wa wasu mata haka, ba laifinta ba ne. Laifinta da ba ta koma ta faɗa an canza mata wani abu ba. Kuma ita kaɗai ƙwayar ba wata katanga ba ce, taimako take wa roba. In ita kaɗai aka dogara da ita, cikin mata biyar sai ɗaya ta ɗauka a shekara."

Ta matso da kujerarta kusa da ni, ta sassauta murya.

"Ɗiyata, kina shayarwa. Na san mai shayarwa jikinta yakan bushe, abin ya riƙa zafi. Haka ne?"

'Yan amana, a nan ne na goge rubutun nan sau uku. Uwar mijina. A gaban ɗanta. Da rana tsaka.

Na ɗaga kai.

"To me kuke shafawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Akwai abin da kuke shafawa, kar ki ce min babu."

Takwara ta zaɓi wannan lokacin ta miƙa hannu ta janyo ƙaramar jakarta da na shigo da ita, ta zazzage. Kyallen goge baki ya faɗo, da abin wasanta, sai kwalbar man jarirai ta gangaro ta tsaya daidai ƙafar Mama. Na kai hannu da sauri zan ɗauke. Saurin nan shi ya tona ni.

Mama ta taka kwalbar da bakin sanda.

"Wannan?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Ni na kawo shawarar, Mama," na ce ta cikin mayafin. "Yana nan a gefen gado kullum. Na ga an rubuta ba ya cutar da fatar jariri, sai na ce tunda jariri ma ana shafa masa, ai ba abin da zai yi."

Na jira faɗa. Na jira salati. Sai na ji ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Shekara talatin. Shekara talatin ina tsayawa gaban mata kowace Talata ina cewa kar a haɗa roba da mai. Ban da man jarirai, ban da man shafawa, ban da man girki, ban da man gashi. Har waƙa na yi musu da shi suna tafi. Ashe a gidana, taku goma daga gadona, man takwarata ake ƙararwa. Ni ina ta mamakin yadda yarinya 'yar mitsitsiya ke shanye kwalba a sati biyu."

Wallahi ko a yanzu da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na rufe fuska.

"Babba, tashi. Buɗe min durowar can ta ƙasa."

Ya buɗe. Ya tsaya ƙiƙam.

"Ɗauko mana. Ba maciji ba ne."

Kwalayen kwaroron roba ne a jere, sababbi fil, da wasu ƙananan robobin matsawa irin na man goge baki. Ashe matan unguwa da ke zuwa gaishe ta da hantsi su rufe ƙofa, ba hira kaɗai ke kawo su ba. Tsofaffin abokan aikinta ne ke kawo mata, ita kuma ta ba masu jin nauyin zuwa asibiti. Abin da muka kai saman tanderu don kar ta gani, ga shi cike da durowarta.

Ta ɓare guda biyu ta miƙa masa.

"Hura."

"Na'am?"

"Numfashina ba shi da ƙarfi yanzu. Hura su kamar balan-balan, ka ɗaure bakin."

"Mama, don girman Allah..."

"Jiya da kake ɗaga murya ai ƙirjinka da iska. Hura."

Ƙaton mutum, mai gemu, uban 'ya, ya durƙusa gaban uwarsa yana hura kwaroron roba, kumatu sun cika, ido ya yi ja. Takwara ta ga abu yana kumbura ta hau tafi tana ɓangala dariya. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. A ranar kuwa tausayinsa da haushinsa da kunyar kaina suka haɗu suka hana ni.

Mama ta karɓi na farko. Ta matso wani abu mai kama da ruwa mai kauri daga ƙaramar robar nan ta shafa masa.

"Wannan da ruwa aka yi shi, don wannan aikin aka yi shi. Ku duba."

Ta murza, ta murza. Ba abin da ya faru. Ta ajiye shi a kan kujera.

Ta ɗauki na biyu. Ta buɗe kwalbar man Takwara, ƙamshin nan da na sani ya cika falon, ta ɗiga a tafin hannu ta fara murzawa a hankali tana kallon ɗanta.

"Sabo ne fa wannan. Bai ga tanderu ba."

Ta ci gaba da murzawa. Ni dai ina ƙirga bugun zuciyata. Ban kai ko'ina ba.

Fau!

Takwara ta zabura ta fashe da kuka. Guntun robar ya faɗo a kan gwiwar Baban Takwara, ya manne.

"Ka gani?" in ji Mama tana goge hannu. "Mai yana cin roba. Wani lokaci ta fashe ka gani, wani lokaci ta yi rauni ta tsage ta inda ido bai kai ba. Kuma ko an bi ƙa'ida tsaf, ba tanderu ba mai, cikin mata ɗari akan samu biyu su ɗauka a shekara. Yadda mutane ke yi da gaske kuwa, da mantuwa da gaggawa, sun haura goma. Wa ya ce maka roba rantsuwa ce? Wa ya ba ka hujjar da za ka tsaya a kanta ka ɓata 'yar mutane?"

Idonsa na kan guntun robar da ke gwiwarsa. Sai na ji ya yi magana can ƙasa, kamar da kansa yake.

"Ashe shi ya sa..."

Ya kama bakinsa. Amma kunnen Mama ya riga shi.

"Shi ya sa me?"

"Ba komai."

"Babba. Shi ya sa me?"

Na daina jijjiga Takwara. Na dube shi.

"Shi ya sa... take tsagewa."



"Ta taɓa tsagewa?" Ni ce na yi tambayar. Ban san muryata za ta fito ba.

Ya ƙi kallona.

"Baban Takwara, ta taɓa tsagewa?"

"Sau biyu."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"Yaushe?"

"Ɗaya da daɗewa. Ɗaya... wajen wata biyu."

Wata biyu. Sati bakwai. Ko ni da ban yi nisa a lissafi ba na haɗa.

"Ka yi shiru?"

"Na naɗe a takarda na fita da ita. Na ce in na faɗa miki hankalinki zai tashi."

"Da ka faɗa," in ji Mama, "akwai maganin da ake sha cikin kwana uku. Yana nan a durowar da ka buɗe yanzu."

Ni ban ma ji ta sosai ba. Kunyar da ta danne ni tun safe sai na ji ta ɗaga, wani abu mai zafi ya maye gurbinta. Na miƙa wa Mama yarinyar, na juya na fuskance shi, a gaban uwarsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Ka san ta tsage."

"Ki saurare ni..."

"Ka san ta tsage, ka dube ni jiya ka ce in nemo uban cikina."

"Wallahi ban san me ya hau kaina ba."

"Na durƙusa maka. Na rantse maka. Ka ture hannuna."

Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da na haihu.

"Ranar da aka shiga da ke ɗakin aiki, ni aka ba takarda na sa hannu. Awa uku ina tsaye. Na ga zanen da aka fito da shi, duk jini. Likita ya ce min saura kaɗan. Da kika nuna min gwajin nan sai na ji kamar ni na kashe ki da hannuna. Na kasa ɗauka. Sai bakina ya..."

"Sai ka ga gara in zama mazinaciya da ka zama mai laifi."

Ya rufe fuska da tafin hannunsa.

"Faɗi mana. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne," ya ce, da kyar.

Na yi zaton in ya amsa zan ji daɗi. Ban ji ba. Kunya ce ta sake dawo min, amma wata iri. Kunyar cewa mu biyu, manya da mu, mun kwana gado ɗaya wata da watanni, ni ina buɗe famfon ƙarya, shi yana naɗe roba a takarda, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abin da kalma biyar za ta gyara.

Mama ta share idonta da bayan hannu, ta gyara wa Takwara zama.

"Ɗiyata, ki ji ni. Ciki bayan aiki da wuri abin kula ne, amma ba hukuncin mutuwa ba ne. Na karɓi irinsa da yawa, uwa lafiya ɗa lafiya. Gobe da safe ni da ke za mu asibiti, a fara duba ki tun yanzu, kuma a can za ki haihu, ba gardama. Wannan nawa ne, na ɗauke miki."

"Na gode, Mama."

"Ki yafe min ni ma. Na koyar da matan duniya, na ji nauyin zama da surukata in yi mata bayani. Na ce ai an faɗa muku a asibiti."

Ta juya ga ɗanta, fuskarta ta canza.

"Kai kuma. Maganar nan da ka yi, Allah ya sa iyakarta bangon gidan nan. Wa ka faɗa wa?"

Bai ɗago ba.

"Babba, wa ka faɗa wa?"

Ya fara murza hularsa a hannu.

"Abokan aikinka?"

Ya girgiza kai.

"To wa?"

"Da safe... kafin in kunna wuta... raina a ɓace yake, Mama."

"Wa ka kira?"

Kafin ya buɗe baki muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Sai tari. Tarin nan ko a cikin mutum dubu zan gane shi.

"Assalamu alaikum."

Babana.

Mahaifina, wanda tun da na yi aure bai taɓa taka gidan nan ba sai ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Mutumin da ko "ciki" ban taɓa furtawa a gabansa ba.

"Me ka ce masa?" na tambaya, muryata kamar ba tawa ba.

"Abin da... abin da na ce miki."

"Assalamu alaikum!" Muryar Baba ta ƙara ƙarfi. "Ina take? Ta fito ta faɗa min da bakinta."

Na yunƙura zan tashi, don tun ina yarinya in Baba ya kira ba a bari ya yi na uku. Mama ta tare ni da sandarta.

"Zauna. Ba ke za ki fita ba."

Ta sunkuya da kyar, ta ɗauki kwalbar man jarirai. Ta ɓanɓaro guntun robar daga gwiwar ɗanta. Ta kama hannunsa na dama, ta buɗe tafin, ta ɗora masa su biyun, ta rufe yatsunsa a kai.

"Bakin da ya kai masa waccan, shi zai kai masa wannan."

"Mama, surukina ne. Ta yaya zan..."

"Tun daga gwangwanin madara za ka fara. Ka kira komai da sunansa. Har sau biyun da ka naɗe a takarda. In ka tsallake ɗaya, ina jin ka ta taga, zan fito in ƙarasa maka."

Ya miƙe kamar wanda aka ɗora wa buhun fulawa biyu. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, kwalbar a hannunsa. Ya waiwayo ya dube ni, idonsa na roƙon in ce ya bari, in ce zan shiga tsakani kamar yadda na saba.

Tun safe kaina yake ƙasa. A nan na ɗago shi, na dube shi ido cikin ido, ban ce komai ba.

Baba ya yi sallama ta uku.

Mijina ya ɗaga labulen.